Man Zafi a Karaye da Rogo: Aikinsa da Hanyar da Yake Biyowa

Man zafi shi ne maganin ciwon jiki da ake shafawa a fata maimakon a haɗiya. A ƙananan hukumomin Karaye da Rogo noma ne sana'ar yawancin jama'a, ga kuma noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, don haka da wuya a shiga gida a rasa ɗan gwangwanin Robb ko kwalbar Aboniki. Ciwon baya, ciwon gwiwa, targaɗe da abin da ake kira sanyin ƙashi su ne ke sa a neme shi.

Manyan nau'o'insa biyu ne. Na farko yana ɗauke da mentol ko kafur, wani lokaci da sinadarin methyl salicylate, ɗan'uwan asfirin. Yana sa fata ta ji sanyi sannan ɗumi, sai ciwon ya lafa na ɗan lokaci, amma ba ya gyara gaɓar da ta lalace. Na biyu shi ne mai diclofenac, wanda ke ratsa fata ya rage kumburi a inda aka shafa. Abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwaya, shi ya sa ya fi sauƙi ga cikin tsofaffi. Ya fi tasiri a gwiwa da hannu, inda gaɓa take kusa da fata. Akwai na feshi da na filasta, sai dai ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye su ba.

Yawancin kayan daga birnin Kano suke fitowa. Shekara da shekaru masu kemis suna sarowa a Sabon Gari, har 2024 lokacin da hukumomin kula da magunguna, NAFDAC da PCN, suka matsa wa dillalai su koma cibiyar sarin magunguna ta Dangwauro, a kan hanyar Zariya. Abin da ya biyo ta kemis mai rajista ana iya bin sawunsa. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin mai tallar ranar kasuwa, da lasifikarsa da tirensa a tsakiyar rana. Zafi yana narkar da man ya rage ƙarfinsa, wani ma an ɗura shi a kwalbar da ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bakin mai tallar, domin a wurinsa mai ɗaya ne maganin baya, tari, basir da haƙori.

Daga irin wannan talla ake koyon jefa man a ruwan zafi a sha, ko a cusa wa jariri a hanci. Kafur idan aka haɗiye shi yana iya jawo jijjiga, musamman ga yaro, kuma ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Ba a sa shi a kan rauni ko ƙuna, ba a ɗaure wurin tamau, ba a bi shi da gashin ruwan zafi, don fata na iya saɓulewa. Mai tsohon ciki ta guji diclofenac ko na shafawa ne, mai shan maganin tsinka jini kuma ya fara tambayar likita.

Ciwon da ya wuce mako guda ana shafawa bai sauka ba, gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi, da ciwon ƙashin mai sikila, duk na asibiti ne, a Karaye ko a Rogo.