Filin Shawarwari: Tana Kik Amma Ba Ta Kamawa

Ni malamin makaranta ne, mazaunin Kwarbai a cikin birnin Zazzau. Motata Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD, kuma ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana.

Da shaƙewa abin ya fara. In na taka totur zan wuce babbar mota a hanyar Kano, sai ƙarfinta ya yanke. Daga baya wani siririn kuka ya bayyana ta wajen but. Sannan ta soma mutuwa da tsakar rana, musamman in na shigo ta Ƙofar Doka cikin cunkoson 'yan Keke, kuma ba ta tashi sai ta huce. Yanzu ta ƙi gaba ɗaya. Batir sabo ne, kik tana yi da ƙarfi, amma ba ta kamawa. Ga ta nan a ƙofar gida ta tare lungu, ko mai kurar ruwa ba ya wucewa sai da dabara.

Makanike na farko ya canza filogi, shiru. Na biyu ya bubbuga ƙasan tanki da katako, ta tashi na ɗan lokaci, ya ce famfon mai ne. Na uku ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, in ba shi kuɗi ya nemo wata a Sabon Gari. In zai taimaka maka, ɗan man da zai kai ni aiki ya dawo da ni nake sha, wani lokaci a wajen 'yan bumburutu, kuma wutar mai kusan kullum a kunne take. Maganar wa zan kama?

Mai karanta filinka, daga Kwarbai, Zariya.

Malam, Allah ya ƙara albarka a aikin koyarwa. Kafin komai, riƙe kuɗinka. Kada ka sayi ƙwaƙwalwa. Ita ce mafi tsada cikin abubuwan da aka lissafa maka, kuma ba kasafai take mutuwa ba, sai dai in ruwa ya shige ta ko an juya kan batir. Yadda ka ba da labari, makanike na biyu ya fi kusa da gaskiya: shaƙewa in an taka, kuka daga tanki, mutuwa da zafi, tashi bayan an bubbuga, duk halin famfon da ya gaji ne. Amma har yanzu zato ne, kuma ba a sayen kayan mota da zato.

Ga abin da za ka yi da kanka, ba sai da sifana ba. Da asuba, kafin unguwa ta tashi, buɗe murfin tanki ka sa wani ya kasa kunne a bakinsa, kai kuma ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kawo, ba tare da ka yi kik ba. A irin Hondarka famfon yana yin ɗan guri na kamar daƙiƙa 2 sannan ya yi shiru. (Masu Toyota kada su yanke hukunci da wannan, domin wasu daga cikinsu ba sa kunna famfo sai ana kik.) A lokacin kuma dubi wata koriyar fitila mai hoton makulli. In ta kawo ta ɗauke, lafiya. In ta ci gaba da ƙiftawa, motar ba ta gane makullinka ba ne, ta hana mai zuwa da gangan. Ana yawan ganin haka ga wanda ya yanko makulli a kasuwa.

In ba a ji gurin ba, rewaya za ka kira, ba makanike ba. Ya duba fiyus da rilen famfon, sannan ya ɗaga shimfiɗar but, akwai ƙaramin murfi a wurin da ke kai wa ga kan famfon, ba sai an sauke tanki ba. Ya ɗora mita a kan soket ɗin yayin da kake murɗa makulli. In wuta ta iso, kusan bolt 12, famfo kuma bai motsa ba, magana ta ƙare, famfon ne. In wuta ba ta iso ba, ko sabo fil aka saka ba zai yi aiki ba, laifin yana ga waya ko rile, kuma gyaransa bai kai rabin kuɗin famfo ba.

Inda aka fi yaudaruwa shi ne idan an ji gurin. Makanikai da yawa sai su zare tiyo, mai ya fito, su ce famfo lafiya lau. Fitowar mai ba hujja ba ce. Nozul ɗin wannan injin yana bukatar mai ya zo masa da matsi na kusan psi 50 kafin ya fesa shi yadda zai kama wuta. Famfon da ya gaji zai iya cika maka kwalba, amma ba zai tayar da mota ba. Saboda haka nemi garejin da ke da agogon auna matsin mai, a Tudun Wada ne ko Sabon Gari. Wanda ba shi da wannan agogon, canki-canka zai yi ta yi maka da albashinka. In matsi ya cika, ga kuma wuta ba ta zuwa filogi, sai a koma kan sensar da ke karanta juyawar injin, ita ma tana da wannan hali na mutuwa da zafi.

Yanzu ga maganar wutar mai. Na san ba ganganci ba ne. Tun da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, motoci da yawa a Zariya a rizab suke yawo. Sai dai famfon nan a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke yi masa giris. In tanki ya kusa bushewa, kowane rami da kwana sai ya zuƙi iska, ya yi zafi, ya ci kansa. Ƙara da man jarka, wanda ba a rasa ƙasa ko ruwa a gindinsa, sai ragar da ke bakin famfon ta toshe, aikinsa ya ninka. Abin lura kuma, mota ba ta ƙara shan mai don tankinta na da kwata. In ka daure sau ɗaya ka kai allura kwata, daga nan ka ci gaba da shan ɗan abin da ka saba, kuɗin da kake kashewa bai canza ba.

In ta tabbata famfon ne, a sauya shi tare da ragarsa, a haska cikin tanki, in da laka a wanke. Tsakanin sabo mai arha marar suna da na Belgium na asali, ni na fi natsuwa da na biyun, muddin an gwada shi a gabanka kuma an ba ka kwanakin dawo da shi.

Kada ka bari yaran unguwa su taru a tura ta, in otomatik ce turi ba ya tayar da ita. Kada kuma a zuba fetur a maƙogwaron injin ana kik, nan gobara ke tashi. Ranar da za a buɗe tanki, a ja motar zuwa fili nesa da murhun mai shayi da mai ƙosai, a cire kan batir tukuna, a haska da tocila kawai. Ka rubuto mana abin da agogon ya nuna.