Allon rana a kan soro

A ƙasar Nijar rana tana haskawa kusan kullum. Tun 1965 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai, mai suna ONERSOL. Wani babban malami, Abdu Mumuni, ya shugabance ta shekaru da yawa. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Yau ana ganin allon rana a ƙauyuka da dama, a gidaje da asibitoci da bakin rijiyoyi. Amma wani ya kan sayi kaya masu tsada, bayan ƴan watanni su lalace. Sau da yawa laifin yana wurin kafawa.

Kayan aikin guda huɗu ne. Allo yana maida hasken rana wutar lantarki. Batir yana ajiye wutar saboda dare. Wata ƴar na'ura tana tsakaninsu, tana hana batir cika fiye da kima ko ƙarewa ƙaf. Sai fitilu da wayoyinsu.

Da fari ana zaɓen wuri. Inuwa abokiyar gābar allo ce. Ko reshen bedi guda ya rufe gefensa, wuta za ta ragu ƙwarai. Saboda haka ana ɗora shi bisa soro ko bisa dogon ƙarfe, nesa da itatuwa da awaki.

Sa'an nan a juya fuskarsa kudu, don ƙasarmu tana arewacin tsakiyar duniya. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ana karkata shi kaɗan, wajen digiri 15. Haka ruwan sama zai gangara ya wanke shi. A ɗaure shi tam, kada iskar farkon damina ta yi gaba da shi.

Batir kuma a ajiye shi cikin inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Zafi yana rage kwanansa. Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da na'ura, sai allo, daga baya fitilu. Jar waya tana zuwa wurin alamar +, baƙa wurin alamar –. Wannan aikin na wanda ya koya ne, ba na yaro ba.

Mai allo sai ya iya lissafi. Allo mai wat 50, in ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, zai tara wajen 250. Fitila 3 masu wat 5, in sun yi awa 4 a kunne, za su ci 60. Saura ya isa rediyo da cajin waya. Amma ba ya isa dafa tuwo. Dahuwa sai da icce ko kara. A nan murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi ke taimako: yana tare iska, yana tsare zafi a gindin tukunya, ba ya cin icce kamar murhun duwatsu uku.

Aikin yara shi ne tsabta. Da hunturu ƙura tana lulluɓe allo, fitila ta mutu tun kafin a gama karatu. Da sassafe, kafin allo ya yi zafi, sai a share shi da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan. Ba a kankare shi da yashi ko ƙarfe.

Tambayoyi
1. Waɗanne kaya huɗu ake bukata?
2. Don me ake juya allo kudu?
3. Ina ya kamata a ajiye batir?
4. Fitila 4 masu wat 5 sun yi awa 3 a kunne. Nawa suka ci?

Aiki
A duba filin makaranta da safe, da tsakar rana, da la'asar. A zana wurin da inuwa ba ta taɓawa.