Amsoshin Tambayoyinku: Rayuwa a Hong Kong Lokacin Mamayar Japan

Tambaya: Na ji an ce Japan ta ƙwace Hong Kong daga hannun Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Don Allah, yaya fursunoni da mutanen gari suka rayu a lokacin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, mun gode da tambayarka. Sojojin Japan sun far wa Hong Kong ranar 8 ga Disamba 1941, Gwamna Mark Young ya miƙa wuya ranar 25 ga watan. Mamayar ta ɗauki shekara uku da wata takwas.

Sojojin da aka kama, 'yan Birtaniya da Kanada da Indiya, an tsare su a sansanoni irin na Sham Shui Po. Abincinsu 'yar shinkafa ce da ganye, ga gudawa, ga kumburin ƙafafu saboda yunwa, ga cutar mashaƙo da ta yi ɓarna a 1942. A haka ake fitar da su aikin dole a filin jirgin sama na Kai Tak. A watan Oktoba na 1942 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya harbi jirgin ruwan Japan mai suna Lisbon Maru, bai san yana ɗauke da 1,816 daga cikin fursunonin ba. Masu gadi suka kulle su a cikin jirgin yana nutsewa, fiye da 800 suka halaka, masuntan ƙasar Sin suka ceto ɗaruruwa. Turawa farar hula kuwa, kimanin 2,800 har da mata da yara, an killace su a Stanley.

Amma wahala mafi yawa ta faɗa kan Sinawa mutanen gari. Rabon shinkafarsu bai wuce giram 240 a rana ba, sai an sha dogon layi kafin a samu. An tilasta musu musanya kuɗinsu da takardun kuɗin sojan Japan, waɗanda suka zama banza bayan yaƙi. 'Yan sandan soja, Kempeitai, suna kamu da azabtarwa a kan zargi kawai, ana kwashe marasa aiki daga titi a kora su babban yankin Sin. Garin da ke da mutum kusan miliyan 1.6 a 1941 ya koma kimanin dubu 600 a 1945.

An rubuta sunayen yawancin fursunonin, an kuma gurfanar da wasu jami'an sansanonin a kotu bayan yaƙi. Talakawan da yunwa ta kashe a bakin titi kuwa, galibinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Idan kana karanta tarihin yaƙin, Malam, ka riƙa neman labarinsu su ma.