Amsoshin Tambayoyinku: Ajiye Mota a Bakin Titi

Wani mai sauraronmu daga Mashi yana tambaya, yaya ake ajiye mota a bakin titi ba tare da an jawo haɗari ba?

To Malam, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka dama za ka raɓa. Sa sigina da wuri, ka leƙa madubi, don 'yan acaɓa ta nan suke kurɗowa. Bar kamar taƙi ɗaya tsakanin taya da bakin kwalbati. In ka goga, gefen tayar ne zai yage, shi kuwa ba ya faci. A hanyar Katsina zuwa Daura da ta ratsa garinku, sauka daga kwalta gaba ɗaya, kuma ban da kan kwana. Ja birkin hannu, ka bar ta a giya. Kafin ka buɗe ƙofa, waiwaya tukuna.