Yaya Ake Sauya Tankin Man Tsohon Jirgin Ruwa?

Wani mai sauraro daga Yawuri ya aiko da tambaya: tsohon jirgin ruwa mai inji da ya saya yana warin fetur, shin tankin na sauyuwa?

Yana sauyuwa, Malam, amma aiki ne mai haɗari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya tayar da gobara. Shi ya sa ƙwararren makanike ke fara cire batir, ya zuƙe man tas, ya bar iska ta ratsa wurin kafin ya taɓa zarto.

Wahalar tana wajen fito da tankin. A jirage da yawa da aka ƙera a Amurka a shekarun 1970 da 1980, an binne tankin alminiyam ƙarƙashin daɓe, aka kewaye shi da soso mai daskarewa. Soson nan ne ke riƙe ruwa har ƙarfen ya yi ƙananan huji. Dole a yanka daɓen, a kankare soson kaɗan-kaɗan. Tsofaffin jiragen kamfanin Bertram kuwa tankinsu na faiba ne, fetur mai gaurayen etanol ya riƙa narkar da shi.

Sabon tanki, na alminiyam ko roba mai kauri, ana ɗora shi inda iska za ta zagaya shi, a sauya tiyo duka, a gwada shi da matsin iska kafin a rufe daɓen. Liƙe tsohon da gam ba gyara ba ne.