DARASIN KIMIYYA: TUNTUƁEN ALƘALAMI A CIKIN GADON JIKI



Duk wanda ya taɓa kwafar rubutu daga littafi zuwa allo ya san tuntuɓen alƙalami. Kana cikin rubuta harafin fa, sai ɗigon da ya kamata ya zauna a ƙasa ya hau sama, ya koma ƙaf. A boko kuwa ka manta lanƙwasa, "ƙafa" ta zama "kafa". Kuskuren kaɗan ne, amma ma'ana ta sauya. To, a cikin jikinmu ma akwai rubutu, ana kwafarsa dare da rana, wani lokaci kuma a yi kuskure. Wannan kuskure shi ne darasinmu na yau.

1. Rubutun da ke cikin jiki

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai zare 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Sinadarin da aka yi zaren da shi sunansa DNA. A shekarar 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, da taimakon binciken Rosalind Franklin. Kamar tsani yake wanda aka murɗe.

Haruffan wannan rubutu huɗu ne kacal: A, T, G, C. Abin da muka gada daga uwa ya kai haruffa kimanin biliyan 3, haka ma daga uba. Uku-uku ake karanta su. Kowace kalma mai haruffa uku tana kiran wani sinadari da ake ce wa amino asid, iri 20 ne. Ana jera su kamar 'ya'yan carbi, sai su zama furotin, shi ne ma'aikacin jiki. Sashen rubutun da ke koyar da haɗa furotin shi ake kira ƙwayar gado, muna da su kimanin 20,000.

Duk sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun nan kaf. Tana da masu duba kuskure su gyara, amma akan sami wanda ya kuɓuce musu. Shi ne sauyin gado.

2. Ire-iren sauyin

Mu ɗauki wannan jimla mai kalmomi uku-uku: IYA INA SON AYA.

Na farko, musayar harafi. A cire Y a sa S: ISA INA SON AYA. Jimla tana nan, amma da wani ake magana. A cikin jiki musaya kan haifar da ɗayan abu uku. Wani lokaci ba a ganin komai, domin kalmomin rubutun 64 ne, amino asid kuwa 20, saboda haka kalmomi da yawa ma'anarsu ɗaya. Wani lokaci amino asid ɗaya ya sauya. Wani lokaci kuma kalmar ta koma ɗaya daga cikin kalmomi 3 masu cewa "tsaya", sai furotin ya yanke a hanya, ya fito guntu marar amfani.

Na biyu, faɗuwar harafi. A cire N ta INA, a ci gaba da karatu uku-uku: IYA IAS ONA YA. Kun gani? Daga wurin kuskuren har ƙarshe komai ya rikice.

Na uku, ƙarin harafi: IYA BIN ASO NAY A. Shi ma haka. Shi ya sa waɗannan biyu suka fi musaya ɓarna, sai fa in haruffa uku ne suka faɗi ko suka ƙaru tare.

Na huɗu, sauyin da ya shafi kuromosom kansa. Wani yanki kan ɓalle ya ɓace, ko ya ninku, ko ya juya kai a ƙasa, ko ya je ya liƙe jikin wani zare. Misali, akwai sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Daga baya aka gano cewa mafi yawa kuromosom na 8 da na 14 ne suka yi musayar yanki. Akan kuma sami ƙarin zare sukutum. Yaron da ya zo da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, zarensa 47 ke nan, yakan yi jinkirin girma da koyo. An gano dalilin wannan a Faransa a 1959.

3. Harafi ɗaya: labarin sikila

Mu tsaya kan misalin da kusan kowace unguwa ta sani, wato amosanin jini ko sikila. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa sassan jiki. Ƙwayar gadon wani sashensa tana kan kuromosom na 11. Wannan sashe amino asid 146 ne a jere. A gurbi na 6, kalmar GAG ta koma GTG. Shi ke nan, harafi ɗaya.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Idan iska ta yi ƙaranci, sai irin wannan himogulobin ya manne wa juna ya yi sanduna. Ƙwayar jini da take a kewaye mai laushi sai ta ƙage, ta lanƙwashe kamar lauje. Tana zuwa siririyar jijiya sai ta toshe ta, daga nan ciwon ƙashi da gaɓoɓi yake tasowa. Ƙwaya mai lafiya takan yi kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ga dalilin ƙarancin jini da rawayar ido.

Likita James Herrick ya bayyana irin wannan jini a Amurka a 1910. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa sauyin ya yawaita a ƙasashe masu sauro. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, cikin ƙoshin lafiya.

Ga inda ake son kulawa. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki aka ce. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran uku sun tsira ba.

4. Ba kowane sauyi ne ciwo ba

Mafi yawan sauye-sauye ba sa cutarwa, ba sa amfanarwa. Wasu ma alheri ne. Yawancin mutanen duniya in sun girma cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara sosai, amma Fulani makiyaya da yawa sun gaji wani sauyi da ke ba su damar sha lafiya lau har tsufa. Zabiya kuwa ya gaji sauyi ne daga uwa da uba duka, wanda ya hana fatarsa yin sinadarin launi. Hankalinsa daidai yake da na kowa, abin da yake bukata kariya daga rana da kula da idanu.

A sani kuma, sauyin da ke cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji shi ake gadarwa. Wanda ya faru daga baya a huhu ko hanta ko fata yana tsayawa kan mai shi, amma in ya taɓa ƙwayoyin gadon da ke tsawata wa rabuwar ƙwayoyin halitta, yakan zama sankara. Hayaƙin taba yana jawo irin wannan. Haka gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an ajiye su da danshi, tana lalata rubutun ƙwayoyin hanta.

5. Abin da za mu riƙe

Sikila ba aikin mayu ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba, daga ɓangare biyu take zuwa. Kada ku tsokani ɗan ajinku mai ita ko zabiya, ba su zaɓa wa kansu ba. Mai sikila ya riƙa shan ruwa da yawa, ya guji sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, a kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Iyaye kuma a gwada jinin yara tun suna ƙanana, kafin zancen aure ya taso zukata su shaƙu. A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, har da wannan gwaji. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kuromosom nawa ne a ƙwayar halittar mutum?
2. Me ya sa faɗuwar harafi ɗaya ta fi musayarsa ɓarna?
3. Rubuta jimla mai kalmomi uku-uku, ka cire harafi ɗaya, ka sake karantawa.
4. Tambayi iyayenka: shin an taɓa gwada jininka? AA ne, AS, ko SS?