AWON YARA DA LISSAFIN LAMBAR Z

A Panda, kamar sauran garuruwan yankin Keffi a Jihar Nasarawa, iyaye mata sukan kai 'ya'yansu awo a ɗakin shan magani. Ya kamata jama'a su san lissafin da ke nuna ko nauyin yaro ya gaza.

Yadda nauyi yake rarrabuwa

In aka auna yara masu yawa 'yan wata ɗaya, akasarinsu sukan taru kusa da matsakaicin nauyi, kaɗan ne suke yin nisa sama ko ƙasa. In aka zana wannan a takarda, yakan yi kama da kifaffiyar ƙwarya. Nisan da aka saba gani tsakanin nauyin yaro da matsakaici shi ake kira rata. Kimanin yara 68 cikin 100 ba sa wuce rata ɗaya daga matsakaici, kimanin 95 kuma ba sa wuce rata biyu.

Yadda ake fitar da lambar z

Sai a ɗebe matsakaici daga nauyin yaro, a raba amsar da rata. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, matsakaicin nauyin ɗa namiji mai wata 12 kilo 9.6 ne, ratar kuwa wajen kilo 1.

A ƙaddara yaro ya yi kilo 7.6. In aka ɗebe 9.6 daga 7.6, an sami -2; in aka raba da 1, lambar z ta zama -2. Daga nan sai a duba jadawalin z, inda za a tarar da 0.0228 gaban -2. Watau cikin yara 1,000 masu cin abinci sosai, wajen 23 kaɗai ne nauyinsu yake kasa haka. Gaban -1 akwai 0.1587, gaban -3 kuwa 0.0013, watau bai kai yara 2 cikin 1,000 ba.

Amfanin wannan ga jama'a

Yaron da ya sauka ƙasa da -2 yana bukatar malamin asibiti ya duba shi, a gyara abincinsa tun kafin tamowa ta kama shi. Haka nan in aka auna yara 1,000 aka sami 150 ƙasa da -2 maimakon 23, to, matsalar ta gari ce baki ɗaya, wajibi ne kuma a sanar da hukuma.

Saboda haka a riƙa kai yara awo kowane wata, a kuma adana katinsu. Rigakafi ya fi magani.